Ƙarya Mai Fure: Yadda Ake Renonta a Tukunya

  

Ƴan'uwa masu karatu, duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san karin maganar nan da ake cewa, ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa. Amma da yawa daga cikin yaranmu na birni ba su san cewa akwai wata itaciya da ake kira ƙarya, ko ƙariya, wadda magabata suka dubi halinta suka ga ya dace da wannan magana ba. Ita ce gajeruwar itaciyar nan mai ƙaton gindi kamar tulu, mai rassa masu kauri da santsi, wadda kan zubar da ganyenta da rani, sa'an nan ta cika da jan fure mai farin ciki a lokacin da duk sauran tsirrai suka bushe. A yau masu sayar da furanni a bakin titunan Yamai da Maraɗi suna jera ta a tukwane, iyalai suna saya don ƙawata tsakar gida. Abin takaici shi ne, wasu daga cikin waɗanda aka saya ba sa kai shekara, kuma abin da ke kashe su shi ne yawan ruwan da masu su ke ba su saboda so.

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure. A gefen zauren mahaifina, inda almajirai ke karatun dare, akwai wata tsohuwar ƙarya da na buɗi ido na gan ta. Da na koma Damagaram da zama, sai na yanko reshenta, na dasa a wani gwangwanin madara, na ajiye kusa da inda nake alwala. Na ga ai maimakon ruwan alwala ya bi ƙasa a banza, gara ita ta sha. Haka na riƙa shayar da ita sau biyar a yini. Kafin wata biyu ganyenta ya yi rawaya, sai na ɗauka ƙishirwa ce, na ƙara mata. Wata safiya na taɓa ta, yatsana ya nutse cikin gindinta kamar ruɓaɓɓen kabewa. Da na je gida na ba Malam labari, sai ya yi murmushi ya ce, “To, ɗana, wannan ta bakin zaure, tun da kake ka taɓa ganin wani ya ɗauki buta ya ba ta ruwa?” Na ce, “A'a, Allah Ya gafarta Malam.” Ya ce, “Ai ka ji.”

Tun daga ranar na shiga bincike da gwaji, kuma abin da na koya shi nake so in gabatar a wannan shafi, da fatan zai amfani iyalanmu.

Wace ce ƙarya?

Masana ilimin tsirrai suna kiranta Adenium obesum. Da Faransanci kuwa ana ce mata “rose du désert”, wato furen hamada, wasu kuma su ce “baobab chacal”, wato kukar dila, saboda gindinta ya yi kama da na ƙaramar kuka. Danginta ɗaya da tumfafiya. Tana fitowa da kanta a busassun ƙasashe, tun daga Muritaniya da Senegal, ta ratsa yankinmu na Sahel har zuwa Sudan da gabashin Afirka, ta tsallaka Bahar Maliya zuwa Yaman da Saudiyya. Saboda haka ba baƙuwa ba ce gare mu, ƴar gida ce.

Bature na farko da ya rubuta bayaninta bisa tsarin masana shi ne Peter Forsskål, ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya shiga ayarin binciken da Sarkin Denmak ya tura ƙasar Larabawa a shekarar 1761. Ya rasu a Yaman a 1763, aka buga aikinsa a 1775. A shekarar 1819 wasu masana biyu, Roemer da Schultes, suka raɗa mata sunan Adenium, sunan da ake dangantawa da Adan ta ƙasar Yaman. Daga baya manoman furanni na ƙasashen Tailan da Taiwan suka duƙufa wajen haɗa irinta, har suka samar da masu farin fure, da masu ja wur, da masu fure ninki-ninki. Irin waɗannan galibi aure ake yi musu a kan gindin ta asali, kamar yadda masu lambu ke yi wa mangwaro.

Sirrin wannan itaciya yana cikin gindinta. Allah cikin hikimarSa Ya sanya mata rumbun ruwa a jiki. Da damana takan sha ta tara a gindi da manyan saiwoyi, idan rani ya yi ta zubar da ganye don rage asarar ruwa, ta rayu da abin da ta adana har watanni. Wuraren da ta fi so a daji su ne tuddai masu duwatsu da tsakuwa, inda ruwan sama ba ya kwana. Duk wanda ya riƙe wannan bayani, sauran abin da zai biyo baya zai zo masa da sauƙi, domin aikin mai reno shi ne ya kwaikwayi wancan tudu a cikin tukunya.

Tukunya da ƙasar da ta dace

Tukunyar yumɓu ta fi kowace dacewa, domin jikinta na tsatsar da ruwa kuma iska na ratsa shi, ga shi ba ta ɗaukar zafi sosai. Alhamdu lillahi ba mu rasa maginan tukwane ba. Aikin matan Mirriya kusa da Damagaram da na Bubon kusa da Yamai sananne ne. A nemi kasko mai faɗin baki, wanda zurfinsa bai wuce misali ba, a huda masa ƙofofi uku ko huɗu a ƙasa, kowace faɗin ɗan yatsa. Tukunyar da ba ta da huda, kome kyanta, ba a dasa ƙarya a ciki. Baƙar roba kuwa tana zafi ƙwarai a ranar Afrilu har ta dafa saiwa, gwangwani kuma ga zafi ga tsatsa. Haka nan kada a zaɓi tukunyar da ta fi shukar girma nesa ba kusa ba, domin ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba takan daɗe a jiƙe.

Game da ƙasa, haɗin da na gwada na ga amfaninsa shi ne: mudu biyu na yashi mai gautsi irin na gulbi, mudu ɗaya na ƙananan tsakuwa ko dakakken tsingaro da ɗan gawayi, da mudu ɗaya na tsohon takin da ya riga ya ruɓe ya koma ƙasa. A guji laka da baƙar ƙasar fadama, domin suna riƙe ruwa. A guji rairayi mai laushi ƙwarai shi kaɗai, domin yakan daskare ya toshe iska. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji kuwa ƙone saiwa yake yi. Gwajin haɗin mai sauƙi ne: a zuba ruwa kofi ɗaya a tukunya; idan ya ɓulle ta ƙasa nan take, haɗi ya yi; idan ya tsaya a sama yana kallon mutum, a ƙara tsakuwa.

A dasa ta yadda kumburin gindin zai kasance a saman ƙasa. Bayan dashe a bar ta kamar mako guda ba ruwa, don saiwoyin da suka ji rauni su warke. Duk bayan shekara biyu ana iya sauya mata tukunya a farkon bazara, a ɗan ɗaga gindin sama da santimita 2 ko 3, wannan shi ke fito da siffarta mai ban sha'awa.

Ƙarya mai son rana ce. Tana buƙatar aƙalla sa'o'i shida na hasken rana kowace rana kafin ta yi fure yadda ya kamata. Wadda aka ɓoye a falo ko ƙarƙashin inuwar dogon yaro takan yi dogayen rassa sirara, ba fure. Sai dai wadda aka saba da ita a inuwa, kada a fito da ita tsakiyar rana a yini ɗaya, gindinta zai ƙone. A riƙa matsar da ita sannu a hankali cikin mako biyu.

Ban ruwa bisa lokutan shekara

A nan ne mafi yawanmu muke tuntuɓe. Ƙa'idar guda ce: ba a ba ta ruwa sai ƙasar tukunya ta bushe. A soka tsinke har ƙasa, a zaro. Idan ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, a dakata. Idan ya fito a bushe, a ba ta ruwa sosai har ya zubo ta hudojin, sa'an nan a ƙyale ta. Ɗan yayyafi kullum ya fi cutar da ita a kan shayarwa mai yawa jefi-jefi. Dalili kuwa shi ne saiwa ma tana numfashi. Idan ruwa ya cike duk ƴan ƙofofin da ke cikin ƙasa na kwanaki, iska ba ta samun shiga, ƙananan saiwoyi su mutu, ƙwayoyin ruɓa su sami hanya su haura cikin gindin da ke cike da ruwa.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a garuruwanmu, ƙaramin kasko yakan bushe cikin kwana uku ko huɗu, don haka shayarwa sau biyu a mako ba laifi. A yi da sassafe ko bayan la'asar. Idan daɓen siminti ne, a ɗora tukunyar bisa katako ko tubali don kada zafin daɓen ya hau ta.

Da damana ne take girma ta yi sabon ganye, kuma da damana ne ta fi mutuwa. Ruwan sama ya ishe ta. Kada a ƙara mata sai in an yi mako ba a samu ba kuma tsinke ya fito a bushe. A watan Agusta, da ake jera kwanaki ana marka, a janye ta ƙarƙashin rumfa inda haske ke isa amma ruwa ba ya dukanta. Kada a bar ta ƙarƙashin indararo, kada kuma a ajiye faranti a ƙarƙashin tukunya, domin ban da ruɓar da saiwa, ruwan da ya kwanta a faranti gidan sauro ne. A wannan lokaci ne ake ƙara mata ɗan tsohon taki, cikin tafin hannu ɗaya, a barbaɗa nesa da gindi.

Da kaka, idan ruwa ya ɗauke, a fara ragewa zuwa sau ɗaya a mako. Da hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, za a ga ganye ya yi rawaya yana zuba. Kada hankali ya tashi, hutunta ne take yi. Sau ɗaya a mako biyu ko uku ya wadatar, kuma da hantsi, don ƙasa ta sha iska kafin sanyin dare. Sanyi tare da jiƙaƙƙiyar ƙasa shi ne mafi munin abin da zai same ta. Ba ta jure sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10, saboda haka ƴan'uwanmu na Agadas da sauran garuruwan arewa, inda daren Janairu ke tsananta, su riƙa shigar da ita zaure da dare, su fito da ita da safe.

Gindin da kansa yana ba da labari. Idan yana da tauri kamar ɗanyen gwanda, lafiya lau take. Idan ya ɗan yamutse alhali ƙasa a bushe take, ƙishirwa ce, shayarwa ɗaya za ta mayar da shi cikin kwanaki kaɗan. Idan kuwa ya yi laushi alhali ƙasa a jiƙe take, to ruɓa ta shiga. Ruwan alwala ba shi da aibu gare ta, kuma tara shi a bokiti don shuke-shuke abu ne mai kyau ga wanda addininsa ya hana shi almubazzaranci. A dai ba ta a lokacin da take buƙata. Ruwan wanki da na wanke-wanke mai sabulu da maiƙo kuwa, a nisanta shi daga gare ta.

Idan ruɓa ta shiga, da maganin ƙwari

Wanda ya farga da wuri yana iya ceton ta. A tumɓuke ta, a kakkaɓe ƙasar, a sami wuƙa mai kaifi da tsabta a yanke duk inda ya yi baƙi ko ruwan ƙasa, har sai an kai farin nama mai tauri wanda ba ɗigon baƙi a cikinsa. A shafa garin gawayi ko toka a wurin yankan, a rataye ta a inuwa mai iska mako ɗaya zuwa kwana goma, sa'an nan a dasa a sabuwar busasshiyar ƙasa, a jinkirta ruwa mako guda. Idan ruɓar ta cinye gindin duka, a yanki rassan da ke da lafiya a dasa su daban.

Ƙwarin da suka fi damunta su ne wasu farare masu kama da auduga da ke laɓewa a hammatar ganye, da wasu ƙanana rawaya da ke taruwa a kan sabon toho, da tsutsar da ke cin ganye da damana. Tsutsa a tsince ta da hannu. Sauran kuwa a jiƙa dakakkun ƴaƴan dogon yaro a ruwa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako guda.

Shin da gaske ba ta ƴaƴa?

Magabata ba su yi kuskure ba a abin da idonsu ya gani, domin mutum na iya shekaru da ƙarya a ƙofar gidansa bai taɓa ganin ɗanta ba. Amma haƙiƙa tana yi. Ƴaƴanta kwanso ne biyu dogaye da ke fitowa a haɗe kamar ƙahonnin sa. Idan sun nuna sai su tsage, iri ya fito, kowane da gashi kamar auduga a kai da gindi, iska ta kwashe. Abin da ke sa su wuyar gani shi ne, ƙirar furen ta ɓoye wurin ɗaukar ciki can ƙasa, kuma yawancinta ba ta ɗauka da garin furen kanta, sai da na wata ƙaryar daban. To, idan duk na unguwa rassan uwa ɗaya ne aka yanka aka dasa, a haƙiƙa itaciya ɗaya ce aka rarraba, don haka sai a yi ta fure ba ɗa.

Hanyoyin yaɗa ta biyu ne. Ta farko reshe: a yanki mai kaurin babban yatsa, tsawon taƙi guda, a bar shi a inuwa kwana biyar zuwa bakwai bakin ya bushe, a kafa a yashi mai ɗan danshi kaɗan. Bazara da farkon damana sun fi dacewa da wannan. Reshe yana saurin fure, sai dai ba ya yin ƙaton gindi da wuri. Ta biyu iri: wanda ya ga kwanso, ya ɗaure shi da zare sako-sako don kada iska ta riga shi. Idan ya tsage, a cire gashin, a kwantar da irin a kan yashi, a rufe da ƙasa kaɗan. Sabon iri yakan tsiro cikin kamar mako guda, amma idan ya daɗe a ajiye ƙarfinsa na raguwa. Ta iri ita ce ke yin gindin tulu tun tana ƙarama, kuma takan fara fure cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Ƙananan tsiro sun fi manya son danshi da inuwar yamma a watanninsu na farko.

Tun da ga waɗannan hanyoyi masu sauƙi, babu dalilin zuwa daji a tono tsohuwar itaciyar da ta shekara da shekaru tana girma a wurinta.

Hattara: akwai dafi a jikinta

Wannan sashe ina roƙon iyaye mata da maza su karanta shi da kyau. Ruwan da ke fita daga jikin ƙarya, da saiwarta, da ganyenta, da furenta, duk suna ɗauke da dafin da ke taɓa bugun zuciya. Maharba a sassa da dama na Afirka sun daɗe suna dafa shi su shafa wa kibiya, kamar mutanen Hadza na ƙasar Tanzaniya, wasu kuma suna kashe kifi da shi. Wanda ya ci yakan yi amai da gudawa, bugun zuciyarsa ya rikice, abin yana iya kai wa ga rasa rai.

Saboda haka a ɗora tukunyar inda hannun mai rarrafe da mai tatata ba ya kai, a riƙa share furen da ya zubo, domin jan abu yana jan hankalin yaro. A gaya wa manyan yara sarai cewa ba a sa ta a baki, ba a yin asuwaki da reshenta, ba a wasan girki da furenta. Kada a ɗaure akuya ko ragon layya kusa da ita. Dabbar da ke sake takan kauce mata, amma wadda ke ɗaure da yunwa tana iya kai baki. Mai yanka ta ya sa leda ko safar hannu, ya wanke hannu da sabulu bayan ya gama, ya kuma wanke wuƙar sosai kafin ta koma madafa. Idan ruwanta ya faɗa ido, a wanke da ruwa mai yawa na tsawon mintoci. Idan kuwa yaro ya tauna, a cire abin da ke bakinsa, a kurkure, a garzaya da shi gidan likita nan take tare da guntun shukar don ma'aikata su gani. Kada a tsaya jiran alama ta bayyana, kada a dogara da ba shi madara ko manja. Haka kuma duk wanda aka ba shi saiwarta ko ɓawonta da sunan maganin sha, ya ji tsoron Allah ya ji tausayin ransa, ya bari. Gidan da yara ƙanana suka yi yawa kuma babu wurin da za a ɗaga ta, haƙura da ita ya fi.

Kammalawa

Wani zai ce, mene ne amfanin wahala a kan itaciyar da ba a cin ɗanta, ba a shan inuwarta? Amsa ita ce, Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci lambuna masu ƙayatarwa cikin ni'imominSa da ayoyinSa, kamar yadda ya zo a Suratun Namli, aya ta 60. Kuma Imamu Ahmad ya ruwaito daga Anas, Allah Ya yarda da shi, hadisin da ke kwaɗaitar da mutum ya dasa dashen da ke hannunsa ko da Alƙiyama na shirin tsayuwa. Bugu da ƙari, a garuruwan da ake sayen ruwa da jarka, shukar da kofi kaɗan ke isarta a mako ta fi dacewa da mu a kan furannin ƙasashen sanyi da ke shan bokiti kullum. Yaron da aka ba shi aikin soka tsinke ya duba kafin a shayar, yana koyon lura da haƙuri da riƙon amana.

Bayan waccan ta farko da ta ruɓe, na sake karɓo reshe daga ta bakin zauren Malam, na kuma samo wata ta iri daga wani mai lambu. Suna nan a kan katanga, nesa da hannun yara. A ranin da ya wuce ɗaya daga cikinsu ta yi kwanso biyu, na ɗaure su da zare, na kai wa Malam irin ya gani da idonsa.

Allah Ya albarkaci gidajenmu da zuriyarmu, Ya tsare mu daga ƙarya ta baki, Ya sa mu cikin masu gaskiya.